Ƙodar Yayana da Kofin Mai Lemo

Masu karatu, in kuna son sanin wace ce ni, ku dube ni lokacin da nake shan ruwa. Nakan cika kofi taf, in ɗaga shi in kalle shi, in shanye, in ƙara. Mama har cewa take ina sha kamar raƙumi. Tsokana ce kawai, ba mantawa ta yi ba. Shekarun da na yi ana wanke min jini a asibiti, da murfin kwalba ake auna min ruwa, in sha in zuba wa firij ido kamar marainiya. Yanzu kuwa ina da ƙoda mai aiki. Ba tawa ba ce, ta Yayana ce, kuma bai taɓa bari na manta ba.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau, Auta. Ya ƙodata ta kwana?"

"Tana gaishe ka."

"Ki riƙe min ita da kyau fa. Aro na ba ki, ba kyauta ba."

Haka muke kowace safiya, yana ɗaure igiyar takalminsa, jakar kayan gyaran firij a kafaɗa. Tun rasuwar Baba shi ne uba a gidan, shi ne kuma babban ɗan tsokana. Mu uku ne kawai: Mama, Yaya, sai ni. Gidanmu ƙarami ne, falo ɗaya mai kujeru ruwan ƙasa da labulen da na ɗinka da hannuna, amma wallahi ba na jin akwai wadda ta fi ni jin daɗin zama a gidansu.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi. Safe da yamma wayata takan yi ƙara, in ɗauko wani ɗan akwati shuɗi na roba mai gidaje-gidaje, in sha maganina. Likita ta ce jikin mutum ba ya son baƙo. Da zarar garkuwar jikina ta gane ƙodar nan ba tawa ba ce, za ta far mata da yaƙi, shi ya sa nake shan maganin da ke kwantar da garkuwar, kuma zan sha shi har ƙarshen rayuwata. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Wanda ya san allurar wankin jini ba ya ƙorafin haɗiyar ƙwaya.

Mama ce ba ta son ganin akwatin nan a fili. Da an yi sallama a ƙofa, kafin ta amsa ta riga ta cusa shi ƙarƙashin filon kujera. Ban ga laifinta ba. Akwai wani ma'aikacin banki mai yawan turare da ya taɓa nemana, har ya fara kiran Mama da Mamanmu. Ranar da na gaya masa an yi min dashen ƙoda, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya ce zai kira ni anjima. Anjimar nan har yau ba ta yi ba. Ni na yi kukan kwana biyu na ware, amma Mama abin ya zauna mata a rai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Duk wanda ya sake zuwa," in ji ta, "ba za ki buɗe baki ba sai iyayensa sun zo an tsayar da magana. Kin ji ni ko?"

Na ce na ji. A lokacin babu kowa, alkawarin bai yi min nauyi ba.

Sai ga Mai Lemo.

Ni tela ce. Shagon da nake aiki yana cikin jerin shaguna, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule, kekena kuma yana daidai bakin taga. Tsallaken titi aka buɗe wani shagon matse 'ya'yan itace, mai kanta ta gilashi, an jera abarba da kankana da mangwaro kamar za a ɗauke su hoto. Mai shagon dogo ne siriri, yana da wushirya, kullum cikin farar rigar aiki mai igiya a baya. Ranar farko da ya tsallako, cewa ya yi igiyar rigar ce ta tsinke. Na ɗinke masa. Bayan kwana biyu ya dawo da ɗaya igiyar. Na juya ta na duba, na ga yanka ne sumul, babu ko zare ɗaya da ya fita.

"Malam, wannan ai almakashi ne ya tsinka ta."

Ya sosa ƙeya. "To ai riga ɗaya igiya biyu ce kawai gare ta. Ban san me zan yanka gobe ba."

Uwar ɗakina, mai shagon ɗinkin, ta yi dariya har ta taka keke ba yadi. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina neman zaren da ke gabana. A wayata na ajiye lambarsa da Mai Lemo, har yau kuma ban canza ba.

Daga nan kullum da rana sai kofi ya iso tagata, mai murfi, da sanyi har yana gumi, an zana 'yar allura da zare a murfin. Haɗinsa ne na musamman, wanda mutane ke yi wa layi. Launinsa ja-ja ne, da zaƙi yake tarar harshe, sannan can ƙarshe ya bar wani ɗan ɗaci-ɗaci da ke sa mutum ya sake kai kofin baki. Kada ku ce na yi sakaci gaba ɗaya. Mai shan irin maganina ba ya cin abin titi yadda ya ga dama, don ƙaramar ƙwayar cuta tana iya kwantar da shi. Na daɗe ina leƙen mutumin nan ta taga. Na ga yadda yake wanke kayansa, na ga ruwan roba yake daskarar da ƙanƙararsa, na ga yana sa safar hannu. Sai da na gamsu sannan na fara sha. Har tambayarsa na yi ta waya.

Na rubuta: "Wai me kake zubawa a ciki ne?"

"Abarba, kankana, citta, zuma."

"Sai me?"

"Sai abu ɗaya da ko mahaifiyata ba ta sani ba. Sirrin sana'a ne."

"Ni ma ba za a gaya min ba?"

"Ranar da kika shigo gidana, kafin ki cire takalmi zan gaya miki."

Na karanta saƙon nan ya fi a ƙirga, ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Wata zuciyar ta ce min, ke, matsa masa ki ji. To in matsa in ce me? Zai ce don me dole sai na sani, ni kuma amsar tana ƙarƙashin filon kujerar Mama. Na tura masa hoton fuska mai harara, na bar maganar.

Kwanakin nan, jama'a, sun yi daɗi. Ya fara zuwa gida ranar hutu da yamma, ya zauna a gefen kujera kamar mai jiran a kore shi. Mama tana sonsa saboda yana cire takalmi tun daga waje. Yaya yana sonsa saboda in ya gyara masa firij ba ya tsayawa a kansa yana koya masa aiki. Ni kuwa na ɗinka wa kaina doguwar riga ruwan toka mai ɗan aiki a hannu, da gyale kalar sararin sama, wai don in ga ko zai lura. Ya lura. Cewa ya yi ashe tela ma tana yi wa kanta adalci.

Kwalli ne ya fara tona min asiri. Wata safiya ina gaban madubi, na kai shi ido, sai layin ya fita a karkace kamar hanyar tururuwa. Na goge na sake, haka. Na miƙe yatsuna na dube su, na ga suna ɗan karkarwa. Na ce rashin barci ne, don hira ta waya ta yi yawa. A shago kuma ni da nake zura zare a allura ko da ido ɗaya, sai ga ni ina lasar zare ina sake lasa, yana kauce wa ramin. Ga wani ciwon kai da ke zama min a goshi.

"Soyayya ce," in ji uwar ɗakina. "Ni ma haka na yi, har yatsa na ɗinke."

Na yarda da ita, don abin da nake son ji ke nan. Yaya ne bai yarda ba. Ina miƙa masa shayi kofin ya riƙa kaɗawa a kan faranti. Bai yi tsokana ba, wanda hakan ya fi komai tsorata ni. Ya karɓi kofin ya ajiye, ya riƙe hannuna yana kallo.

"Yaushe ne gwajinki?"

"Sai sati mai zuwa."

"Gobe ne. Ni zan kai ki."

Gwajin nan da safe ake yi, kafin in sha ƙwayar safiya, don a ga abin da ya rage na maganin a jini. Aka ɗebi jinin, muka koma gida. Washegari aka kira ni aka ce likita na son ganina. Duk mai dashe ya san wannan kiran ba na alheri ba ne.

Likitata gajeriya ce, tabarau rataye a wuya, ba ta kirana da komai sai Tela. Ta juyo da fuskar kwamfuta wajena kamar zan gane.

"Tela, maganinki ya yi yawa a jini, ya kusa ninka inda muke so. Ƙodar ma ta fara nuna ba ta jin daɗi. Kin ƙara ƙwaya ne?"

"Wallahi a'a, likita."

"Kin sha ta safe kafin a ɗebi jinin?"

"A'a."

"Gudawa fa? Wani ya ba ki maganin ƙwayoyin cuta, ko na ƙaiƙayi? Jiƙe-jiƙe?"

Duk na ce a'a. Na ce ni dai ban gane ba, tunda adadin bai canza ba, ta yaya zai yi yawa? Ta cire tabarau ta dube ni.

"In kika samu yadin da kika san zai tsuke a wanki, ya kike yanka shi?"

"Ina ƙara masa faɗi."

"Yauwa. Haka muke yi da maganin nan. Ba ƙoda ke fitar da shi ba. A bangon hanji da cikin hanta akwai wani sinadari da ke niƙe kaso mai yawa, tun kafin ya gama shiga jini. Mun san da haka, sai muka auna miki da sanin cewa zai tsuke. To in wani abu ya je ya riƙe wannan sinadarin, maganin ba zai tsuke ba, rigar sai ta yi miki yawa. Ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyu. Abin takaicin kuma, maganin da ke tsare ƙodar, in ya yi yawa shi ne ke matse mata jijiyoyin jini. Rawar hannun nan da ciwon kan duk shi ne."

"To a rage min mana."

"Zan taɓa shi kaɗan yau, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. In wani abu kike ci ko sha da ke jawo wannan, na rage miki magani ban sani ba, ranar da kika daina abin sai maganin ya faɗi ƙasa warwas. Garkuwar jikinki ta farka ta ga baƙuwa. Wannan ya fi wancan muni. Dole in san dalili, Tela. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya shigo rayuwarki sabo?"

Yaya da ke jingine da bango ya yi tari. "Wani dogo ne mai wushirya."

Na harare shi. Na ba ta labarin kofin. Ta ɗauki wayarta ta nuna min hoton wani ƙaton lemu, bayansa rawaya, cikinsa ja-ja.

"Masu sayarwa giref suke ce masa. Mun gaya miki ki guje shi ranar da muka sallame ki bayan dashe, kin tuna?"

Na tuna. A cikin abubuwa ɗari da aka gaya min ranar, ina jin zafin ɗinki, har da shi. Amma ban taɓa riƙe shi a hannu ba, ban san ɗanɗanonsa ba, balle a ce an ɓoye shi a bayan abarba da zuma.

"Lemun zaƙi na yau da kullum ba ruwansa," ta ce. "Wannan da danginsa masu ɗaci su ne matsala, kuma kofi ɗaya yana iya riƙe sinadarin nan fiye da yini. Ki daina shan haɗin daga yau. Sannan ki tambayo min abin da ke ciki. In shi ne, mun huta. In ba shi ba ne, sai mu shiga wani neman, kuma ba na son mu ɓata lokaci."

A gida Mama ta saurare mu tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba sai da muka gama.

"To ai da sauƙi. Ki daina sha. Ki ce masa haƙori ke damunki."

"Mama, likita ta ce sai an san ko shi ne."

"Ki tambaye shi da dabara."

"Na tambaya, ya ce sirrin sana'a ne. Ba zai faɗa ba sai ya san dalili."

"Dalili!" Ta ajiye tiren. "Dalilin da ya kori wancan? Yaron nan yana da hankali, Auta. Ki bari iyayensa su zo tukuna. In magana ta yi nisa, kunya ma za ta hana su janyewa. Ni na ga yadda kika dawo kamar tsinke. Na ga yadda maƙwabta ke kallonki kamar wadda aka gama da ita. Ina son in ga kin zauna a ɗakinki kamar kowace 'ya, laifi ne?"

Tausayinta ya kama ni, don na san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Yaya ne ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, abin da bai cika yi ba.

"Mama, ba laifi ba ne. Amma ki dube ni. Miji in ya tafi ana samun wani. Ni kuwa ƙoda ɗaya ta rage min. In wannan ta lalace, ba ni da wata da zan ba ta."

Mama ta goge ido da gefen mayafinta, ta ɗauki tirenta.

"Ni dai ban ce ki faɗa ba," ta ce, ta shige kicin.

Ba ta ce in faɗa ba, gaskiya ne. Amma na kai hannu gefen marata ta dama, inda tabon yake, inda nakan ji ɗan tudun ƙodar Yaya in na danna, na san abin da zan yi.

Washegari da rana kofin ya iso tagata kamar kullum, da 'yar allurarsa a murfi. Na jira layi ya ragu, na ɗauke shi na tsallaka titi. Yana goge kanta, ya ganni ya washe wushiryar nan, sannan ya ga kofin a cike.

"Ya aka yi? Zuma ta yi yawa?"

"Ina son in san abu na biyar ɗin."

"Haba, ba mun yi da ke sai..."

"Ba wasa nake ba." Na ajiye kofin na miƙa masa hannuwana biyu a kan gilashin. "Dubi."

Ya duba. Yatsuna suna ta rawarsu, na tsoro da na magani sun haɗu. Daga nan na faɗa masa komai, a tsaye, injin ƙanƙara yana gurnani a bayansa: wankin jinin, Yaya, tabon, akwatin shuɗi, abin da likita ta ce. Ban yi kuka ba. Na yi mamakin yadda maganar da na daɗe ina ɗauke da ita kamar dutse ta ƙare kafin ƙanƙarar kofin ta narke.

Ya ɗaga labulen bayan shago ya shiga, ya fito da abu a hannu, ya ɗora a katako ya raba shi biyu da wuƙa. Bayansa rawaya, cikinsa ja-ja.

"Shi ne?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Shi ne."

Ya ja wani akwatin lemu ya zauna, ya dafe kai. "Kullum rabi nake sa wa kowa. Ke guda nake matse miki, don na ga kina son ɗacin."

Na ce masa ba laifinsa ba ne, ta ina zai sani? Bai ɗago ba. Na ɗauki hoton lemun na tura wa likita, na tsaya ina jiran ya ce wani abu, ko da Allah ya ƙara lafiya ne irin na wancan.

"Ki je, Tela," ya ce. "Don Allah ki je tukuna."

Na tafi. Likita ta amso kafin in kai bakin kekena: "Mun kama ɓarawo. Ki sha maganin yadda na ce, ki zo gwaji ranar da na sa miki."

Washegari shagonsa a rufe. Jibi ma haka. Wayata shiru, sai ƙarar magani safe da yamma. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi min ciwo, nakan buɗe hirarmu in ga ko yana kan layi, in rufe da sauri kamar zai gan ni. Yaya kaɗai na gaya wa. Mama kuwa tana tambayata ina yaron nan, ina cewa aiki ne ya yi masa yawa. Amma ga wani abu da ban zata ba: ban rushe ba. Ciwon kan ya tafi. Ranar da zare ya shige allura a karo ɗaya, sai da na yi 'yar ƙara, uwar ɗakina ta zaci na soke yatsa. Aka sake gwaji, likita ta ce maganin ya sauko, ƙodar ta fara komawa daidai, za ta mayar da ni kan adadina na da, a ci gaba da dubawa. Na fito daga asibitin na sayi babbar robar ruwa na shanye a bakin ƙofa. Na ce wa kaina, Auta, in ma ya tafi, kin tsira da abin da aka ba ki amana.

Ranar hutu da yamma ina kwance a doguwar kujera, cikin tsohuwar rigar gida wadda ruwan wanki ya cinye wa launi a kafaɗa, kaina ko ɗankwali babu, Yaya yana gyaran wata tsohuwar fanka a tsakar falo. Sai muka ji sallama. Muryar nan ko a cikin barci na san ta.

Mama ta yi wuf ta cusa akwatin shuɗi ƙarƙashin filo ta zauna a kai. Ni na fizgi mayafinta na sallah na rufa. Ya shigo ba takalmi, ya rame kaɗan, da jakar takarda a hannu. Ya durƙusa ya gaida Mama, ya gaida Yaya, ni ko kallona bai yi ba.

"Kwana biyu, ɗana," in ji Mama da fara'arta ta baƙi. "Auta ta ce aiki ya yi yawa."

"Kunya ce ta yi yawa, Mama. Na rasa da idon da zan dube ku." Ya tura jakar gabanta. "Wannan na kawo."

Mama ta buɗe tana cewa har da ɗawainiya. Ta zaro ƙaton lemu guda ɗaya, rawaya, ta juya shi tana neman ma'anarsa.

"Ba na ci ba ne," ya ce. "Na kawo ne kowa a gidan nan ya gan shi ya gane shi, don kada ya sake kusantar Auta, ko a hannun wa. Na fitar da shi daga shagona. Injin da na matsa shi a ciki ma na ba da shi, na sayi wani. Na je asibiti na tambayi mai ba da magani sauran abubuwan da ba a haɗawa da irin nata, ya gaya min, in na manta kuma zan koma." Ya juya wajen Yaya. "Yaya, ka yafe min. Na kusa yi maka ɓarna a kayanka."

Yaya ya ajiye sukudireba. "Aro ne dama. Amma tunda ka san mai kaya, da sauƙi."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, kallon da ya ce ashe kin faɗa. Ta dubi lemun. Sannan a hankali ta kai hannu ƙarƙashinta, ta zaro akwatin shuɗi, ta ɗora shi a kan tebur a gaban baƙo, karo na farko tun da aka sallamo ni daga asibiti.

"Mahaifiyarka fa?" ta tambaya. "Ta sani?"

"Na gaya mata komai, har sirrin sana'ar. Ita ta zaɓo muku wannan, ta ce a kawo mafi girma yadda za a gani da kyau." Ya ɗan sosa ƙeya, sai a lokacin ya saci kallona. "Tana waje cikin mota. Ta ce ba za ta shigo ba sai kin yi mata izini."

Mama ta miƙe tsaye, ta zauna, ta sake miƙewa tana neman mayafinta, wanda ke kaina. Na dubi rigar da ke jikina, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Me matar nan ta zo faɗa? Me za ta gani in ta dube ni?

Yaya ya taɓa ni da ƙafa.

"Tashi ki je ki sa kwalli, Auta. Hannun ai ya daina rawa."